Faɗin Tafin Hannu

Buta, bargo, zuma a gora, ɗauri uku na ɓawon itace. Iyakar kayan Haladu ke nan, yana rungume da su a bayan motar da ta ɗauko shi daga masaukin alhazai zuwa kudancin Jidda. Tun da suka taso yake ƙirga itatuwan hanya. Huɗu ya samu.

Shekara goma sha tara yana gadin gandun daji a kan tsaunukan Gashaka, inda gajimare ke saukowa ya kwanta a kan ganye. Yayansa Na'ibi ya baro can tun zamanin da ake zuwa hajji ta ƙasa, yanzu magani yake sayarwa a wani ɗan shago. Shi ya yi saƙo a kawo masa ɓawon.

Da suka isa shagon, wanda ke jikin gidan Na'ibi, ɗansa Rafi'u, haifaffen Jidda, ya kwance ɗaurin ya sansana.

"Bas? Iyakarsa ke nan? Baffa, wannan ai kwana biyu ya ƙare. Rabin tsofaffin garin nan fitsari ya tsaya musu. Buhu-buhu muke so."

"Faɗin tafin hannu ake ɗiba, gefe ɗaya," in ji Haladu. "A shafe wurin da laka, a dawo bayan shekara bakwai."

"Wa ya ce?"

"Kakanka. Daga baya gwamnati ta zo ta kafa allo."

Rafi'u ya matso. "Ka sa hannu a takardar izini mutanena su shiga dajin. Ni kuma in tsaya maka kafili, ka zauna a ƙasar nan. Iƙama, ɗaki, ga Makka nan kusa. In ajali ya zo a binne ka a ƙasa mai tsarki. Halas."

Abin da Haladu ya roƙa ke nan a Arfa, yana kuka, mako biyu da suka wuce.

Ya dubi Na'ibi. "Yaya, in aka zagaye itacen da wuƙa, me ke faruwa?"

Na'ibi yana gyara kwalaben da ba su karkace ba. "Ya bushe a tsaye."

"Rafin ƙarƙashinsa fa?"

"Shi ma ya bi shi."

"Ƙauye nawa ke sha?"

"Shida na bari."

"Yanzu tara ne."

Rafi'u ya yi dariya. "Mu nan ba daji ba rafi. Mun mutu?"

"Teku kuke dafawa ku sha. Na ɗanɗana."

Haladu ya tashi, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya shiga ɗakin baƙi ya ja ƙofa. Daga ciki suka ji muryarsa.

"Yaya, a nema mini kujera a jirgin Talata. Can ma ana binne Musulmi."