Kwanon da Ke Zuwa Gidan Mahauci

Babbar 'yata ce ta kawo mini maganar, tun kafin ta cire takalmi. Wai jikokina uku, 'ya'yan ƙanenta, kullum da yamma sai sun sulale gidan mahaucin da ke maƙwabtaka da su, da kwano a hannu, suna roƙon nama. Wai duk layin an sani.

"Tun da likita ya hana ubansu nama, matar nan tasa ta hana kowa," in ji ta. "Yaro ai ba ya girma sai da nama, Inna. Hutu na zuwa zan kwashe su su dawo wurina. Na faɗa wa ubansu, bai ce a'a ba."

Ɗan nan nawa bai taɓa ce wa yayarsa a'a ba tun yana rarrafe. Na san in ta kwashe yaran ba hutu kaɗai za su yi ba, kuma surukata za ta zauna da sunan uwar da ta kasa ciyar da 'ya'yanta.

"Ke kin gani da idonki?"

"An faɗa mini."

"An ɗin nan ya daɗe yana raba gidaje, har yau ba wanda ya ga fuskarsa. Gobe ki zo mu je tare."

Mun tarar da surukata a kicin, ta durƙusa ta gaishe mu da ludayi a hannu. Wake ta jiƙa tun safe. Albasa kuwa tana kan wuta kaɗan-kaɗan, ana juya ta har ta yi ja ta narke, ƙamshinta ya cika tsakar gida. Babban yaron na yanka karas, ta tsakiyar na wanke kabeji, Auta na daka gyaɗa a ɗan turmi, rabi a turmin rabi a bakinsa.

"Har da yara kike sa wa aiki?" in ji 'yata.

"Yaya, wanda ya sa hannu a tukunya ba ya raina abin da ke ciki."

Na kama damtsen Auta na matsa. Ba ƙashi na ji ba.

"Maigida, wannan duk da wake aka gina shi?"

"Ke dai Kaka, haƙoran nama ne ba ki da su, shi ya sa kika biyo gidanmu."

'Yata ta ɗaga murfi ta leƙa, ta juya da ludayi tana neman ko ƙashi, ba ta samu ba. Ta taɓe baki ta mayar. Amma da aka zuba mana, na lura ba ta bar komai a faranti ba, sai dai ta ce yunwa ce ta kwaso a hanya.

Can sai ga ta tsakiyar ta fito da kwano a rufe, ta nufi ƙofa, 'yan'uwanta na biye. 'Yata ta zungure ni da gwiwar hannu. Na ga kwanon, na kuma ga tsumman da yarinyar ta naɗe shi da shi, ta riƙe da hannu biyu tana tafiya a hankali. Muka bi su.

Matar mahauci ta tarbe mu da fara'a, ta shimfiɗa mana tabarma. Kafin mu gama gaisawa 'ya'yanta sun kewaye kwanon, an buɗe, tururi ya tashi.

"Mama, ai maƙwabciyata ta cece ni," in ji ta. "Ƙaramin nan nama ya gundure shi, ko warinsa ba ya so, har wuyansa ya fara tsawo. Ranar da ya ɗanɗana waken nan ya dawo mutum. Na gwada dafawa, nawa ba ya kama ƙafar nata. Ba ni da haƙurin albasa."

"To ke me kike zuba musu a kwanon?" in ji 'yata, muryarta ta yi ƙasa.

"Na taɓa saka tsoka, ta aiko mini da ita. Ta ce kada mai gidanta ya gani ransa ya biya."

'Yata ta gyara mayafi, ta ce yamma ta yi, tana da nisa. A bakin ƙofar gidan ɗana ta tsaya ta tambayi surukata yaushe ake zuba gyaɗar, kafin kabeji ko bayansa.

Yaran a gidan uwarsu suka yi hutu. Kwanon a cike yake fita daga gidan ɗana, da wake da karas da kabeji, a wanke yake dawowa babu komai a ciki.