Azumin Litinin Ɗin da Ban Yi Ba

Shekara tara da aurena da Hadijatu, babanta bai taɓa ganin loma ta shiga bakina ba. Ina ni ina ci gaban suruki? Shi ya sa ranar da na ɗauko shi a kan babur daga Garu zuwa Malanbil a duba mishi haƙori, da ya miƙo mini masa a hanya, sai na ce, "Baba, azumin Litinin nake."

Ƙarya ce tsagwaronta. Ina aje shi kan bencin asibiti na zagaya bayan kasuwa, na narki fanke da shayi mai madara kofi biyu, na share baki na dawo kamar mutumin kirki.

Sai wajen azahar layi ya kawo kanmu. Ina cikin yi ma likitar haƙori bayanin ciwon Baba ta ƙura ma bakina ido.

"Kai za ka fara zama. Dasashinka ya kumbura."

Ta taɓa wurin, jini ya tsattsafo, ta dangwala ta sa a 'yar na'urar awon suga. Wai ciwon suga yakan nuna kanshi a dasashi, shi ya sa suke auna kowa. Ta dubi lambar da ta fito, ta dube ni.

"Yaushe rabonka da abinci?"

Kafin in buɗe baki Baba ya amsa, har da alfahari. "Azumi yake, ɗiyata. Tun asuba."

"In da azumi awon ya kai haka, yau ba gida za ka kwana ba," in ji ta. "Gado zan sa a ba ka."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na sunkuyar da kai na ce, "Na ci fanke. Na sha shayi."

Ta ce duk da haka ya yi yawa, in dawo gobe da safe ban ci komai ba. Baba takalminshi kawai yake kallo.

Da anka zo kanshi, awon ya faɗi ƙasa sosai.

"Baba, kai fa, me ka ci yau?" in ji likitar.

"Ban sa komai a baki ba tun jiya," ya ce a hankali. "Yaro na azumi, ya ɗauko ni cikin rana. Ni kuma in zauna ina tauna?"

Likitar ta dama ruwan suga ta miƙo. Ni na riƙa mishi kofin, don hannunshi ya kasa.