Tsohuwar Shafi na Tara

Auta, ƙanina, tun yana rarrafe yake ɓata wa mutane bango da gawayi, har Allah ya sa ɓarnar ta zama sana'a. Bara wani kamfanin buga littattafai ya ba shi aikin zana hotunan littafin tatsuniyoyi na yara. Wata huɗu ya yi a ɗan ɗakin da ke bayan shagon ɗinkina, shi da fensira da takardu, ko shayi na kai masa sai ya huce bai ɗaga kai ba. Umma kuwa, mahaifiyarmu, babu wanda ta bari a layinmu ba ta gaya masa ɗanta na yin littafi ba. Har mai gyaran famfo da ya zo aikin minti goma sai da ya sha labari.

Ranar da aka kawo kwafin farko ni na riga kowa buɗewa. Zomo ya yi kyau, kura ta fito da haƙora kamar za ta yi magana. Da na kai shafi na tara sai na ajiye almakashi na nemi kujera. Tatsuniyar wata tsohuwa ce marowaciya mai rijiya a tsakar gida, duk matafiyin da ya roƙe ta ruwa sai ta kore shi, har ranar da rijiyar ta ƙafe. Ga tsohuwar nan tsaye, hannu ɗaya a ƙugu, kai a karkace, tabarau ya zamo kan hanci, ga tawadar Allah a ƙarƙashin idon hagu. Ko makaho ya shafa ya san Umma ce.

Na kira Auta na nuna masa. Da farko musu ya yi, wai ai duk tsofaffi kama suke da juna. Ya sake dubawa, sai ga gumi. Ya rantse ba da gangan ya yi ba, hannunsa ne kawai ya bi fuskar da ya fi sani. Na tambaye shi kwafi nawa aka buga, ya ce dubu uku. Ni dai, Allah ya yafe mini, dariya na yi har da riƙe ciki, na ce masa yau na ga ɗan kuka mai ja wa uwarsa jifa.

Sai dai dariyar ba ta yi nisa ba, don mu biyun mun san inda ke yi wa Umma ciwo. Bayan rasuwar Baba ita kaɗai ta riƙe mu. Sabulu gida huɗu take yanka shi, sukari yana cikin kabad, makullin yana jikinta. Dangin Baba suka sa mata suna mai hannun jarirai. Wata rana ta ji wata gwaggonmu ta faɗa a cikin mutane ana dariya, ta dawo gida ta yi kwana biyu ba ta yi wa kowa doguwar magana ba. An fi shekara ashirin, amma har yau in aka ambaci rowa a gabanta sai ta sauya hira. Yanzu ga ɗanta na cikinta ya buga ta a littafi, za a raba wa yara su koyi darasi da fuskarta.

Auta ya shiga dabaru. Ya ce mata littafin bai fito ba. Sati ya zagayo, ya ce injin kamfanin ne ya lalace. Daga baya ya zo mini da shawarar manne shafukan da gam, wai sai ya ce kuskuren bugu ne. Na ce masa ramin ƙarya ƙurarre ne; littafin nan makarantu zai shiga, gobe yaran layi su zo suna nuna ta da yatsa. Gara ta gani daga hannunsa.

Da hantsi muka je. Muka same ta a kujerarta ta bakin taga tana yanke farce. Da ta ga abin da ke hannunsa sai da ta tashi ta wanke hannu, ta goge, sannan ta karɓa. Auta ya zauna a ƙasa gefen ƙafarta kamar mai jiran hukunci. Ta yaba zomo. Ta ce kurar ta yi mata kama da mai gidan da muka taɓa haya, ta yi 'yar dariya ita kaɗai. Sannan ta buɗe shafi na tara.

Ta daɗe tana kallo. Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta mayar. Can ta miƙo mini, ta ce rubutun ya yi mata ƙanana, in karanta mata. Na karanta, kowace kalma tana mini nauyi a baki, har zuwa ɗan akwatin da ke ƙasan shafin ƙarshe inda aka rubuta darasin: marowaci shi kaɗai yake ƙarewa.

"Umma, ki yafe mini," in ji Auta. "Wallahi ban lura ba sai da Yaya ta nuna mini."

Ta karɓi littafin ta ƙura wa hoton ƙarshe ido, inda tsohuwar ke zaune a bakin busasshiyar rijiya, ƙofar ɗakinta a buɗe kaɗan a bayanta. Ta tambaye shi ko mai rubutun ne ke gaya masa duk abin da zai zana. Ya ce manyan abubuwa kawai, sauran nasa ne. Ta juyo gare ni, ta tambaya ko labarin ya ce tsohuwar tana da kowa a gidan. Na ce a'a, ita kaɗai ce.

"To, waɗannan na waye?"

Muka sunkuya inda ta ɗora yatsa. A bakin ƙofar ɗakin, a kusurwar da ba wanda zai duba, takalman yara biyu ne a jere, na ɗaya ya ɗan fi na ɗayan girma.

"Shi mai rubutun bai tambayi kansa wa take ajiye wa ruwan ba," in ji Umma a hankali. "Kai kuwa ka sani, ko da ba ka san ka sani ba. Tashi daga ƙasa, Auta, ba ka yi mini laifin komai ba."

Bai tashi ba. Kansa ya kifa a gwiwarta, ƙato da gemu, ita kuma tana shafa masa ƙeya tana cewa ya daina jiƙa mata zane.

Ni na ja littafin zuwa hasken taga, don dai in sami abin kallo. Babban takalmin igiyarsa ta tsinke, an ɗinke ta da baƙin zare, ɗinki uku a karkace. Na san ɗinkin nan. A gabana ta yi shi, ina kuka ina cewa ba zan je makaranta da tsohon takalmi ba, kuma ina jin ni ce mutum ta farko da ta taɓa ce mata marowaciya.