Babin da Kowa Ya Yaba

Ba ita ta nemi riƙon zauren ba. Ranar da ƙungiyar marubutan ta rasa ɗakin da take taro a bayan laburare, Shugaba ya ce a koma waya, a buɗe zauren hira a can. Ya bi jama'a da kallo, idonsa ya tsaya a kanta.

"Ke da kika yi karatu a waje, ai kin san kan na'ura."

Awon ido ta karanta. Ba wanda ya tambaya. Tun daga ranar sunanta ya ɓace, ta zama Adimin, har a bakin waɗanda suka san ta tana rarrafe.

Ita ta rubuta dokar zauren ta maƙala a sama: ranar Litinin a saka rubutun mutum ɗaya, a karanta, a tattauna zuwa Juma'a. Ban da talla, ban da hoton fure mai "barka da safiya", ban da saƙon murya. Kullum kafin ta buɗe ƙofar ɗakin awo furanni sun cika zaure. Mai Turare tana tallar kwalabenta, wai ƙamshi ma adabi ne. Farfesa, wanda malamin sakandare ne da bai taɓa gyara wa masu kiransa haka ba, yana aiko da murya mai tsawon huɗuba. Adimin tana gogewa tsakanin wannan majinyaci da wancan, kamar mai sharar bakin kasuwa.

Wannan makon na Kawu ne, yayan mahaifiyarta. Tsohon direban jirgin ƙasa ne. Littafi ɗaya yake rubutawa tun tana firamare, da biro, a bayan tsofaffin takardun tasha, kuma bai taɓa nuna wa kowa ba. Ita ta buga masa babin farko a kwamfutar wurin aiki. Ita ta saka a zaure ranar Litinin, tana tsaye, waya a hannu ɗaya, ɗayan riƙe da haɓar wani tsoho da ya ƙi tsayar da kansa.

Yabo ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

"Allah ya ƙara basira, Kawu!"

"Wannan alƙalami ba na yara ba ne."

Shugaba ya rubuta cewa ƙarshen babin ya sa shi hawaye. Farfesa ya yi dogon bayani a kan zurfin jigo da warwarar salo. Lauya ya ce shi bai yarda da matakin da jarumar ta ɗauka ba. Farfesa ya ce Lauya bai fahimci jarumar ba. Suka shiga ja-in-ja, har Lauya ya fita daga zauren, ya turo a roƙi Adimin ta mayar da shi. Ta mayar da shi tana tsaki. Ita dai ta san babu mace a babin sai wata kaka da aka binne tun a farko. Ta ce a ranta, wataƙila haka masana ke karatu.

Ranar Laraba Sakatare ya kira ta, murya ƙasa-ƙasa.

"Adimin, tambaya ce, amma tsakaninmu. Wayar nan tawa ta tsufa. Ni in na buɗe babin Kawu, zanen ƙwayar ido nake gani da kibiyoyi. Rubutun kuma ba Hausa ba, ba Turanci ba. Akwai abin da ake dannawa ne?"

Ta ce ya ɗan jira. Ta buɗe fayil ɗin. Littafin bayanin sabuwar na'urar awon ido ne, wanda kamfani ya turo mata da safiyar Litinin. Fayil biyu, ɗaya a kan ɗaya, kowanne sunansa lambobi. Yatsa ya zame.

Ta zauna a kujerar majinyata.

"Sakatare, ba kai ka rubuta 'wannan babi ya taɓa zuciya' ba?"

"To, na ga kowa ya yi magana. Kin san ba daɗi mutum ya yi shiru. Dattijo ne."

"Zanen idon ne ya taɓa maka zuciya, ko kibiyoyin?"

"Haba Adimin."

Ta katse kiran. Ta koma saman zauren ta sake bin saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, tana neman ko mutum ɗaya da ya ambaci jirgi, ko dogo, ko direba. Babu. Sakatare ne ma ya yi ƙoƙari, shi ya buɗe.

Ba ta gama yanke abin da za ta yi ba aka ce tana da baƙo. Kawu ne, da farar riga mai guga, da jakar fatarsa a hammata. Ya ce tabarau ɗin ne suka fara yi masa hazo. Ta san ba tabarau suka kawo shi ba. Fuskarsa sai ka ce an yi masa albishir da jika.

Ta shigar da shi ɗakin awo, ta kashe fitila, ta kunna allon haruffa. Ta cire masa tabaransa ta ajiye a kan tebur, ta ɗora masa firam ɗin gwaji a hanci.

"Kin ga abin da Farfesa ya ce?" ya tambaya. "Na kwafe shi a takarda. A bayan littafin za a saka."

"Layi na uku, Kawu."

"Ina gani sarai. Ki ji, 'yar nan. Na yi magana da mai ɗab'i, ya ce in kai masa duka ranar Asabar. Da na so in ƙara bi a hankali, don farkon nan yana yi min wani iri. Amma tunda masana sun ce ya yi, ni wa? Direba."

Ya buga jakar da tafin hannu. Duk littafin yana ciki.

Ta zare gilashi ɗaya, ta saka wani. Tana iya yin shiru. Ta sauya fayil ɗin a ɓoye, ba wanda zai lura, tunda ba mai buɗewa. Kawu ya kai littafinsa ranar Asabar da yabon Farfesa a baya. A buga, a raba wa 'yan zaure, kowa ya ajiye a kan kabad ba tare da ya buɗe ba. Aikin rabin rayuwar mutum.

"Kawu, ba su karanta ba."

"Na'am?"

"Ba babinka na saka ba. Kuskure na yi. Littafin waccan na'urar na saka." Ta nuna ta a kusurwa, tana lulluɓe da leda. "Shi suke yabo tun Litinin."

Bai motsa ba. Idanunsa a bayan gilasan gwaji sun yi manya-manya, ɗaya ya fi ɗaya. Ta so a ce ta cire masa firam ɗin tukuna.

"Shugaba ya ce ya yi kuka."

"Ya ce."

"Jarumar da suke faɗa a kanta fa? Ni na ɗauka kakar suke nufi. Har na ce kai, masu ilimi suna hango abin da kai marubucin ba ka hango ba."

Fankar sama tana ta ƙara. Ya zaro takardar da ya kwafe maganar Farfesa, ya dube ta, ya ninke, ya mayar aljihu.

"To ke fa?" ya ce. "Ke kika buga. Dole kin karanta. Rannan na tambaye ki, kika ce 'ya yi, Kawu', kika ci gaba da latsa waya."

"Gaskiya kake so, ko irin ta zaure?"

"Yau na ƙoshi da ta zaure."

"Shafi taran farko su tafi."

"Me?"

"Kakan direba, kakan kakansa, wa ya haifi wa, yadda ake shafa wa inji girisi. Ina bugawa ina gyangyaɗi. Sai a shafi na goma, inda direban ya hango mutum tsaye a kan dogo, ya ja birki alhali ya san jirgin ba zai tsaya ba. Nan na daina bugawa na karanta har ƙarshe, majinyaci yana jira a waje. Daga nan littafinka ya fara."

Ya fizge firam ɗin daga fuskarsa.

"Shafi tara! Kin san tun yaushe nake zaune a kan shafukan nan? Tun ba ki san hannun damanki ba!"

"Shi ya sa ba ka ganinsu."

"In ba a san asalin mutum ba, wa zai damu da birkinsa?"

"In ya ja birkin, kowa zai so ya san asalinsa. Ka kawo kakan daga baya."

"Girisin fa? Kin taɓa ganin inji ba girisi?"

"Na ga mai karatu ya yi barci."

"Wannan ne karatun da aka tura ki ki yo? Rashin kunya?"

"Awon ido aka tura ni, Kawu. Kai ka tambaya."

Ya buɗe jakar, ya zaro shafukan, ya kai su dab da idonsa, ya karanta mata wani wuri da ƙarfi don ta ji daɗin jimlar. Ta ce jimlar ta yi kyau, wurin ne ba nata ba. Ya ce sai ya gaya wa uwarta. Ta ce ya gaya mata, ita ma ba za ta wuce shafi na uku ba. Suna cikin haka mai jiran layi ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce ko likita ta manta da mutane ne. Kawu ya tattara takardunsa ya fita ba sallama, ya bar tabaransa a kan tebur.

Da ta sallami na ƙarshe, ta buɗe zauren ta rubuta: "Fayil ɗin da na saka ranar Litinin ba babin Kawu ba ne, littafin na'urar awon ido ne. Kuskurena ne. Ga babin na gaskiya. Duk mai sharhi ya faɗi sunan direban."

Zauren da ba ya shiru ko ranar makoki ya yi tsit. Can sai saƙonni suka fara ɓacewa. An goge wannan saƙo. An goge wannan saƙo. Hawayen Shugaba suka tafi. Jarumar Lauya ta bi su. Farfesa ya goge nasa, sannan ya aiko da murya yana cewa shi dama ya lura tun farko, gwada 'yan zaure yake yi. Ta goge muryar. Mai Turare kuwa, tun ba a yi minti guda da saka sabon fayil ba, ta rubuto: "Masha Allah, wannan ma ya yi kyau sosai."

Adimin ta kifa wayar a kan tebur kusa da tabaran Kawu, ta dafe goshi.

Wayar ta yi ƙara. Ba daga zaure ba ne. Kawu ne, haruffan duk a hargitse, rubutun wanda ba tabarau a fuskarsa.

"Shafi shida zan cire ba tara ba. Girisi yana nan. Na ce wa mai ɗab'i ba wannan Asabar ba. Gobe ki zo da tabarau, akwai babi na biyu."

Ta rubuta: "Takwas."

Ta ɗauki tabaran ta saka a jaka. Wani ya turo fure a zaure. Ta goge.