Tulu Biyar a Bayan Gida

Shekara talatin maigidana yana nemo wa mutane ruwa da wayoyi biyu na jan ƙarfe. Daga ƙauyen Turawa har Rogo, Malam Tsoho Mai Waya suke ce masa. Zai riƙe ɗaya a kowane hannu ya yi ta takawa a hankali, inda suka haɗe da juna ya ce nan za a haƙa rijiya. Na sha tsokanarsa cewa a gefen fadama ko akuyata ce ta nuna wuri sai an sami ruwa. Sai ya yi murmushi ya ce, "Munawwara, bakinki ya fi hannunki aiki."

Bazarar bana ce ta kashe mana dariya. Tafkin da wani makiyayi, Hammawa, ke shayar da shanunsa ya ƙafe, hanyar rafi kuma masu noman rani sun shinge ta. Rugarsa na kan tudu wajen Unguwar Hajji, nan kabarin mahaifinsa yake, nan 'ya'yansa ke zuwa makaranta. Ko rijiya ko ƙaura, babu na uku. Malam ya je ya zagaya, wayoyi suka haɗe kusa da wata tsamiya, ya ce ruwa na nan a zurfin gaba takwas. Hammawa da ƙannensa suka shiga haƙa da hannunsu. Kwana ashirin, gaba goma sha huɗu, ƙasar da ake fitarwa ko danshi babu. Shanu uku suka kwanta ba su tashi ba.

Malam ya daina taɓa tuwo. Wata safiya ya kira ni ya ce, "Zan fita. Ki binne tulu biyar a bayan gida, ki cika ɗaya da ruwa, sauran ki bar su haka. Ki share ƙasar kada in ga alama."

Na yi, ina mita, don ruwan ma da ƙyar na samo shi. Da ya dawo ya ɗauki wayoyinsa, suka haɗe a kan tulun da babu komai. Washegari na sauya wuri, ya sake kuskure. Kwana shida muna wannan wahala, sau ɗaya ya dace. Ni da na yi shekaru ina masa ba'a, wallahi na so in yi ƙarya in ce ya samu. Tausayinsa ya hana ni kallon fuskarsa.

"Ashe hannuna ne ke juya su," in ji shi. "Duk shekarun nan. Shirya ki raka ni, ke ce shaidata."

Muka hau acaɓa. Mun tarar ana jawo Hammawa daga ramin da igiya, jar ƙasa har cikin gashin idonsa. Bayan gaisuwa Malam ya zauna a kan tulin ƙasar ya faɗa masa komai, bai rage ko ɗaya ba. Ya ce wayoyin ba su san ruwa ba, shi ma bai sani ba, ya roƙi gafara. Na shirya jin zagi, na ma so a zage mu ko zuciyata ta yi sauƙi.

Hammawa ya daɗe yana kallon shanunsa, suna tsaye a inuwar tsamiya, haƙarƙarinsu duk a waje.

"Na ji, Malam," ya ce. "To, nuna mini wani wurin."

"Ba ka gane abin da na ce ba ne?"

"Na gane sarai. Masu injin gwada ƙasa ba za su zo rugata ba. Ni kuma ban san inda zan sa diga ba. In ka tafi da wayoyin nan a aljihu, sai dai in shiga in ce wa mata su ɗaure kaya. Don Allah tashi."

Malam ya dube ni, na kawar da kai. Ya miƙe ya zaro wayoyin, ya nufi gabas da ramin. Bai yi taku ashirin ba suka haɗe a kan wani fako. Ya tsaya cik, hawaye na bin gemunsa, bai ce a haƙa ba.

Hammawa ya ɗauki digarsa ya bi shi.