Karayar Waliyyu

Akuya ta uku ke nan da aka kawo wa Malam Audu maɗori a Jiga Birni cikin wata guda, ita ma ƙafar baya a karye. Wannan karon mai ita, maƙwabcinsa Ɗanlami, ya jawo Waliyyu, ɗan Malam Audu mai shekara tara, riƙe da wuyan riga.

"Da idona nig gane shi, Malam. Taɓarya yas sa mata. Ɗanka na, ba kowa ba."

Malam Audu bai tambayi yaron komai ba. Ya ɗora ƙafar akuyar tukuna, yana shafa ta, yana lallashinta ƙasa-ƙasa kamar yadda yake yi wa duk mai karayar da aka kawo masa daga Jega ko Maiyama. Waliyyu ya matso yana kallon hannuwan nan, baki buɗe. Da aka gama, uban ya kwance igiyar jaki, ya ninka ta biyu, ya yi ta zabga masa har riga ta tsage, jini ya tsattsafo a kafaɗa. Tun ranar da motar albasa ta kife a kan babban ɗansa Imrana, a gaban Waliyyu, ya tattara ƙasusuwan ya kasa haɗa su, bai sake taɓa ƙaramin ba sai da igiya.

Iklima, uwar yaron, ta faɗa tsakaninsu, igiya ta same ta a kunne.

"Malam, kashe shi za ka yi? Shi ɗai yar rage muna!"

"Gara haka da ya tashi mugu."

"Ba mugu ba na. Yaushe rabonka da ka dubi huskatai?"

Ya yar da igiyar ya fice, bai duba ba.

Da hantsi washegari ana lodin albasa a ƙofar gida sai ihu ya tashi. Hafizu mai amalanke ya shigo zaure da gudu, ɗauke da Waliyyu, hannun dama na reto kamar tsumma.

"Wallahi, Baba, ba laihina ba na! Shanu na tahiya, shi yak kwanta da kainai yas sa hannu ƙarƙashin taya!"

Zuciya ta ɗebi Malam Audu. Ya ɗaga tafi zai wanka wa Waliyyu mari, jini ko ba jini. Yaron bai kauce ba. Ya ɗago fuska, leɓunansa sun yi fari, ya turo masa karyayyen hannun da na hagu.

"Baba, ga shi. Ka yi min awa yadda kaka yi ma akuyoyin."

Tafin ya tsaya a sama. Malam Audu ya durƙusa. Ya bi hannun da yatsu a hankali, daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, yaron kuwa ya lumshe ido yana rawar jiki. Ƙashin ya daddatse, tsoka ta yage. Wannan ya fi ƙarfin karan ɗori da man shanu, kuma ya sani.

"Iklima, ba ni zane."

Ta miƙo masa tana kuka. A gaban masu lodi da maƙwabta, dattijon ya sunkuya, ya goya ɗansa kamar yadda mata suke yi, ya ɗaure tam a ƙirji. Babu wanda ya yi dariya. Ɗanlami ya tayar da babur, suka nufi asibiti a Jega, jini yana bin bayan rigar Malam Audu da ɗumi.

Sun bar gari kaɗan ya ji numfashin yaron a kunnensa.

"Baba, in hannun ya warke, sauke ni za ka yi?"

Malam Audu ya kai hannu baya, ya tallafe shi.

"Ko ya warke, Waliyyu. Riƙe ni da kyau."