Taubashin Sakiusa

Sakiusa na zaune a tabarmar shan kava, jiƙon saiwar da mazan tsibirinsu ke taruwa su sha, ƙafa a harɗe, mararsa na ci kamar an zuba garwashi. Tsohon kumburin ƙwayar nan ta maza da ke ƙarƙashin mafitsara ne ya motsa. Ba a tashi kafin mai gari ya sha, don haka ya cije. A ƙarƙashin rigarsa akwai na'urar da likita ta manna masa, tana bin bugun zuciyarsa, domin ta ce ciwon ya hana jijiyoyinsa sakewa.

Taubashinsa Isikeli ya ɗaga murya. "Taubashi, fitsarin ne kuma? A miƙo maka ƙoƙon kwakwa, tsohon banza?"

Maza suka bushe da dariya. Ran Sakiusa ya yi baƙi ƙirin, ya ji kamar ya shaƙe ɗan iskan. Amma wa ke fushi da taubashi? Ya washe baki, da ƙoƙon kava ya zagayo kansa ya tafa bisa al'ada, ya sha.

Washegari likita ta duba na'urar. "Baba, me ya kore ka jiya da la'asar? Zuciyarka ta yi gudun ceton rai."

"Ba komai, 'yata," ya ce. "Dariya nake yi."